Birkin da Aka Ɗauka Totur Ne: Abin da Sankarar Hanji Ta Koya wa Masana

A shekarar 1941 wani masani mai suna Isaac Berenblum, a jami'ar Oxford da ke Ingila, ya shafa wa ɓeraye wani sinadari mai jawo sankara a fatar baya, amma ɗan kaɗan, wanda shi kaɗai ba ya cika yin ɓarna. Ya kuma riƙa shafa musu wani abu da aka tato daga man 'ya'yan wata bishiyar Asiya da ake kira kuroton. Sai ƙari ya yi ta tsirowa a jikin ɓerayen. Man shi kaɗai ba ya haddasa cutar, amma idan ya tarar an kunna ta, sai ya yi ta iza ta.

Bishiyar ba baƙuwa ce sosai ba idan aka bi danginta. 'Yar gida ɗaya ce da tinya da zurma da cini-da-zugu, wanda ake shinge da shi a ƙauyukan Arewa. 'Ya'yan cini-da-zugu ma suna ɗauke da irin wannan sinadari, shi ya sa yaron da ya tauna su yakan kwana yana amai da gudawa, kuma shi ya sa masu ba da su a matsayin maganin wankin ciki suke wasa da ran mutane. A ƙarshen shekarun 1960 Erich Hecker na Heidelberg a Jamus ya ware sinadarin, wanda ake kira fobol esta, ko fobol a taƙaice. Tambayar da ta rage ita ce: me yake taɓawa a cikin jiki?

Amsar ta fito daga Japan. A 1977 Yasutomi Nishizuka na jami'ar Kobe ya gano wani enzayim, wato ɗaya daga cikin furotin ɗin da ke gudanar da ayyuka a cikin ƙwayoyin halittar jiki, aka laƙaba masa PKC. Shekara biyar bayan haka, a 1982, shi da wata Bafaransa mai suna Monique Castagna suka nuna cewa fobol yana manne wa PKC kai tsaye, ya tashe shi. Lissafin da ya biyo baya ya yi sauƙi har ya yi yawa. Fobol yana iza sankara. Fobol yana kunna PKC. Ke nan PKC ne totur ɗin sankara. A nemo maganin da zai kashe shi, an gama.

Fiye da shekara talatin aka yi a kan wannan lissafi, kuma kuskure ne.

Kafin a ga inda aka zame, sai an san aikin wannan enzayim. Kowace ƙwayar halitta a jiki tana karɓar saƙo ba dare ba rana: ki rabu gida biyu, ki dakata, ki zama kaza, lokacinki ya yi ki mutu. Saƙon yakan tsaya ne a fatar ƙwayar daga waje, sai wasu enzayim su miƙa shi hannu-da-hannu har ya kai ciki. Mafi shaharar su ana ce musu kines. Aikinsu shi ne liƙa wa wani furotin ɗan guntun sinadarin fosfet, wanda ke sauya masa siffa, ya kunna shi ko ya kashe shi. Wasu enzayim ɗin kuma su zo su ɓanɓare guntun. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano wannan tsari a Seattle cikin shekarun 1950, kuma ya kai su ga kyautar Nobel a 1992. Ƙidayar da aka yi a 2002 ta nuna ɗan Adam yana da kines 518. PKC iyali ne a cikinsu, ƙwayoyin gado tara ne ke samar da shi, ana bambance 'ya'yansa da haruffan Girka: alfa, beta, zeta da sauransu.

A jiki mai lafiya, tashin PKC na ɗan lokaci ne. Saƙo ya iso, wani ɗan kitse ya bayyana a fatar ƙwayar, PKC ya garzaya ya manne, ya buɗe, ya yi aikinsa, nan da nan a narkar da kitsen, shi kuma ya koma ya rufe. Fobol yana kwaikwayon wannan kitse, sai dai jiki ba ya iya narkar da shi da wuri. Sai ya riƙe PKC a buɗe na sa'o'i. PKC da ya daɗe a buɗe kuwa ƙwayar takan ɗauke shi a matsayin lalatacce, ta tuɓe masa fosfet, ta niƙe shi. Ma'ana, ɓeran da aka yi makonni ana shafa wa man kuroton ba PKC ne ya yi masa yawa ba. Ƙarewa ya yi.

Abin mamakin shi ne masana sun san da wannan. A ɗakunan bincike, idan ana so a kawar da PKC daga ƙwayoyin da ke cikin faranti, dabarar da kowane ɗalibi ya iya ita ce a zuba musu fobol da yamma a bar su su kwana. Kafin safiya babu shi. Dabarar tana hannun kowa, amma labarin totur ya riga ya shiga littattafan koyarwa, kuma kamfanonin magani sun riga sun zuba kuɗi. Maganin aprinocarsen, wanda aka ƙera don hana samar da PKC alfa, ya faɗi a babban gwaji kan sankarar huhu a 2003. Kamfanin Eli Lilly ya yi ta fama da enzastaurin, mai toshe PKC beta, a kan sankara iri-iri, har ya haƙura a 2013 bayan gwajinsa kan wata sankarar jini bai haifar da komai ba. Da aka tattara sakamakon gwaje-gwajen huhu wuri ɗaya, sai aka ga waɗanda aka ƙara wa masu toshe PKC a kan maganin da aka saba ba su samu sauƙi kamar waɗanda ba a ƙara wa ba. Waɗannan mutane ne masu iyali, da suka sa hannu a takarda da fatan samun waraka.

A Janairun 2015 ɗakin binciken Alexandra Newton a jami'ar California da ke San Diego, tare da ɗalibarta Corina Antal, ya yi abin da ya kamata a yi tun tuni da a ce akwai kayan aiki. Maimakon su tambayi ɓera da man shafawa, sai suka tambayi ƙarin da aka ciro daga jikin mutane. A lokacin an riga an karanta ƙwayoyin gadon dubban sankarori, kuma an samu ɗaruruwan sauye-sauye a iyalin PKC. Suka ɗebi kashi 8 cikin ɗari na waɗannan sauye-sauye, suka gwada su ɗaya bayan ɗaya a cikin ƙwayoyi masu rai. Idan PKC totur ne, sankara za ta so ta ƙara masa ƙarfi. Abin da suka gani: kashi 61 cikin ɗari na sauye-sauyen sun rage masa ƙarfi ko sun kashe shi gaba ɗaya. Ko ɗaya bai ƙara masa ƙarfi ba.

Sai suka je ga hanji. Akwai wani layin ƙwayoyin sankarar babban hanji da ake renonsa a ɗakunan bincike, mai suna DLD1, wanda asalinsa daga jikin wani majiyyaci ne. A cikinsa kwafi ɗaya na ƙwayar gadon PKC beta ya lalace. Suka yi amfani da fasahar gyaran ƙwayoyin gado mai suna CRISPR, wadda a lokacin ba ta wuce shekara uku da bayyana ba, suka gyara wannan lalacewa guda ɗaya tak, suka bar sauran tarin lalacewar da ke cikin ƙwayoyin yadda take. Da aka dasa ƙwayoyin da aka gyara a jikin ɓeraye, ƙarin da suka yi bai kai na waɗanda ba a gyara ba. Sun kuma nuna cewa rasa kwafi ɗaya kaɗai daga cikin biyun da mutum ke gada daga uwa da uba ya isa ya sassauta birkin. Shekara guda bayan haka masana a jami'ar Limerick ta ƙasar Ayalan suka ba da rahoton cewa PKC beta ya ragu a ƙarin hanjin majiyyata idan aka kwatanta da lafiyayyen naman da ke kusa da shi.

Hanji wuri ne da birki ke da muhimmanci fiye da kusan ko'ina a jiki. Shimfiɗar da ke cikinsa takan sabunta kanta cikin kwana uku zuwa biyar. A ƙasan wasu ƙananan ramuka da ke jikin bangon hanji akwai ƙwayoyin asali da ke rabuwa ba hutawa. 'Ya'yansu na hawowa sama a jere, su kai wani mataki su daina rabuwa, su yi aikin tsotsar ruwa ko fitar da majina, su kai baki, su mutu, su bi bayan gida. Jennifer Black da abokan aikinta sun nuna cewa daidai matakin da ƙwayoyin ke daina rabuwa, a nan PKC alfa ke tashi, kuma yana rage wani furotin da ke tura ƙwayar ga rabuwa. Idan ƙwayar ta wuce wannan mataki ba ta tsaya ba, sai tsiro ya fara. Tsiron kan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya rikiɗe ya zama sankara, kamar yadda Eric Fearon da Bert Vogelstein suka zayyana a 1990: lalacewa na bin lalacewa, ta ƙwayar gadon APC a farko, ta KRAS a tsakiya, ta p53 daga baya.

Adalci ne a faɗi cewa ba kowa ya miƙa wuya ba. Tun a 1999 Alan Fields da mutanensa sun nuna cewa ɓeran da aka cusa wa PKC beta mai yawa a hanji ya fi saurin kamuwa da ƙari, kuma akwai hujjar cewa wani ɗan iyalin, PKC iyota, yana taimakon sankarar huhu. Iyali ne babba, kuma halin kowane ɗa ya danganta da inda yake da yawansa. Haka nan babu wanda zai iya cewa tunda kashe PKC bai yi ba, sai a juya a yi ta kunna shi. Duk sinadarin da ya kunna shi da ƙarfi, irin fobol ko bryostatin da ake samu a jikin wata halittar teku, ƙarshensa niƙe shi yake sa a yi. Kuma ɗakin Newton ɗin nan dai ya gano a 2016 cewa PKC alfa mai ƙarfin da ya wuce kima yana da alaƙa da cutar mantuwa ta Alzheimer. Garin gyaran gira ana iya rasa ido. Har yau babu maganin sankarar hanji da aka amince da shi wanda ke aiki ta hanyar farfaɗo da PKC.

Ba PKC kaɗai ne birki a hanji ba. Akwai wani enzayim a fuskar ƙwayoyin hanji, GUCY2C, wanda Scott Waldman na jami'ar Thomas Jefferson a Philadelphia ya shafe shekaru yana bibiya. Wasu ƙananan sinadarai biyu da hanji ke yi da kansa ne ke kunna shi, kuma suna cikin abubuwan farko da ke ɓacewa idan ƙari zai fara. Enzayim ɗin yana nan lafiya lau, mai kiransa ne ya yi shiru. Shi ne kuma wanda gubar wani nau'in ƙwayar cutar E. coli ke kamawa ta jawo gudawa. A 2003 ɗakin Waldman ya lura cewa ƙasashen da wannan gudawa ta yi katutu su ne masu ƙarancin sankarar hanji, ya kuma nuna gubar tana rage rabuwar ƙwayoyin sankara a faranti. Tunani ne mai jan hankali, amma haɗuwar abubuwa biyu a taswira ba hujja ce ba, kuma gudawar da ke kashe yara ba rigakafin komai ba ce. Maganin linaclotide da ke kunna wannan enzayim an amince da shi a Amurka a 2012 don taurin bayan gida, ba don sankara ba.

To ina ruwan mai karatu a Kano ko Maraɗi da wannan dambarwa ta San Diego?

Sankarar hanji da dubura ita ce ta uku a yawa a duniya, ta biyu a kisa: ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 ya nuna sabbin masu kamuwa kusan miliyan 1.9, mamata kusan dubu 900. An daɗe ana ɗaukar ta cutar Turawa. Likitan tiyata Denis Burkitt, wanda ya yi aiki a Uganda, ya danganta ƙarancinta a Afirka da abinci mai dusa da ganye, kuma wani gwaji da Stephen O'Keefe ya wallafa a 2015 ya ƙarfafa wannan ra'ayi: baƙaƙen fata 20 daga Pittsburgh ta Amurka da mazauna karkarar KwaZulu ta Afirka ta Kudu 20 suka yi musayar irin abincinsu na mako biyu, kuma cikin wannan ɗan lokaci alamun haɗari a hanjin Amurkawan suka ragu, na 'yan Afirka ta Kudun suka ƙaru. Wanda ya duba yadda biredi da taliyar leda da lemon kwalba ke ture tuwon dawa da miyar kuka da kwaɗon zogale a biranen Arewa ba zai ce zancen ya yi masa nisa ba.

Amma babban dalilin yana cikin wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda Olusegun Alatise na jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya jagoranta tare da Peter Kingham na asibitin Memorial Sloan Kettering a New York. Sun karanta ƙwayoyin gadon ƙarin da aka ciro daga 'yan Najeriya, suka kwatanta da na Amurkawa. Majiyyatan Najeriya sun fi ƙarancin shekaru, kuma rabinsu a dubura cutar take. A rukunin sankarar da ta fi yawa, lalacewar APC, wadda littattafai ke cewa ita ce ƙofar shiga, an same ta a kashi 39 cikin ɗari na 'yan Najeriya, alhali a New York kashi 76 ne. Lalacewar layin saƙo na RAS, wanda KRAS ke cikinsa, kuwa ta kai kashi 76 a Najeriya, ta tsaya a kusan 60 a can. Wannan ba lissafin banza ba ne, domin magunguna masu tsada irin cetuximab ba sa aiki idan RAS ya lalace. Iyalin da suka sayar da gona suka sayi irin wannan allura ba tare da gwaji ba suna iya zama sun sayi wahalar magani ba tare da amfaninsa ba.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren. Kashi 28 cikin ɗari na ƙarin 'yan Najeriya suna da wata alama da ke nuna na'urar gyaran kurakuran gado ta lalace, ninki biyu na abin da babban kundin Amurka ya nuna. Irin wannan sankara ce ta fi jin sabbin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki. A 2022 Andrea Cercek ta ba da rahoton majiyyata 12 masu sankarar dubura mai wannan alama da aka ba su dostarlimab na wata shida, kuma a dukkansu ƙarin ya ɓace, ba tiyata, ba gashi. Maganin yana da tsadar da ta fi ƙarfin talaka, gaskiya ne. Amma gwajin farko na gano alamar rini ne da ake yi wa yankan nama a duba a madubin likita, abin da sashen binciken nama na kowane asibitin koyarwa zai iya yi idan an ba shi kayan aiki. Gwamnati ba za ta iya zama da kamfani ta nemi ragin farashi ba alhali ba ta san mutum nawa ne ke buƙatar maganin ba.

Darasin PKC ke nan, a wani sabon wuri. Masana sun yi shekara talatin suna gina magani a kan abin da suka gani a fatar ɓera, har sai da suka waiwayi naman majiyyata. Najeriya da Nijar suna jinyar mutanensu a kan abin da aka gani a naman majiyyatan wasu ƙasashe. Binciken Ile-Ife ma kansa mutanen Kudu maso Yamma ya fi shafa. Bahaushe ko Bafulatani ko Babarbare, da abincinsa daban da cututtukan da ya taso da su, ba dole ne ƙarinsa ya yi kama da na Bayarabe ba, balle na mutumin New York. A asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri akwai yankan naman majiyyata da aka daskarar cikin kaki na likita, an jera a kabad shekara da shekaru. Amsoshi ne a ajiye da ba a tambaye su ba.

Mai suka zai ce wannan ƙawa ce. Zai ce yawancin masu wannan cuta a Arewa ba sa zuwa asibiti sai ciki ya toshe, bayan sun yi shekara ɗaya ko biyu suna ganin jini a bayan gida suna cewa basir ne, suna sayen jiƙo a jarka daga motar da ke yawo da lasifika a bakin kasuwa tana lissafa basir mai tsiro da mai jini da mai sa kasala, duk kwalba ɗaya. Zai ce a fara samar da na'urar leƙa hanji da likitan da ya iya ta kafin a yi zancen enzayim. Yana da gaskiya a kan abin da ya fi gaggawa. Jini a bayan gida, canjin yanayin fita, rama ba dalili, ƙarancin jini ga namiji ko ga macen da ta daina al'ada, duk suna buƙatar likita ya sa safar hannu ya duba, kuma tunda rabin cutar a dubura take, sau da yawa yatsa ma ya isa ya taɓo ta. Amurka ta sauko da shekarun fara gwajin masu lafiya daga 50 zuwa 45 a 2021, shekara guda bayan cutar ta kashe jarumin fim Chadwick Boseman yana da shekara 43.

Sai dai ayyukan biyu ba kishiyoyi ba ne, hanya ɗaya suke bi. Na'urar da ta leƙa hanji ita ce ke tsinko naman, sashen da ya tabbatar sankara ce shi ne zai yi rinin, kuma rajistar da ta rubuta sunan majiyyacin ita ce za ta nuna bayan shekara biyar ko maganin ya yi. Abin da ake nema daga Cibiyar Bincike da Maganin Sankara ta Ƙasa, wadda dokar 2017 ta kafa, da hukumar TETFund da gwamnonin Arewa masu sha'awar gina asibitin sankara, shi ne kasafi na dindindin don abubuwan da ba a yanka musu kirtani a gaban kamara: rini, firiza mai wutar da ba ta yankewa, izinin majiyyaci a rubuce da harshen da yake ji, da albashin da zai hana masanin binciken nama tattara kayansa ya nufi Saudiyya. Idan kuma za a aika naman waje don a karanta shi, yarjejeniyar ta tanadi cewa bayanan za su dawo, kuma ɗaliban Bayero da Ahmadu Bello da Abdou Moumouni ta Yamai suna cikin masu karatun.